Kyamarar Kiran Bidiyo: Ƙarama, Babba, ko Wayar da ke Aljihunka?

Tun 2020, lokacin da annobar korona ta rufe makarantu da ofisoshi, kiran bidiyo ya shigo rayuwar mutanen Zariya, bai kuma fita ba. Ɗalibin digiri na biyu ko na uku a Samaru yana gabatar da aikinsa gaban malamin da ke wata jami'a. Ma'aikaci a Kongo yana zaman taro da mutanen Abuja. Matashi yana ganawar neman aiki ko gurbin karatu da Turawan Ingila, malamar Islamiyya a Tudun Wada kuma tana biya wa 'ya'yan 'yan uwanmu da ke ƙasashen waje karatu. Da zarar an ce wa ɗayansu "hotonka ba ya fita" ko "ba ma jin ka sosai", abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne ya sayo kyamarar da ake maƙalawa a saman kwamfuta. Wani lokaci hakan daidai ne. Sau da yawa kuwa, wani wuri daban ya kamata kuɗin ya fara shiga, kuma yana yi mini ciwo in ga ɗalibi ya ƙuntata wa cikinsa ya sayi abin da ba zai magance masa matsalarsa ba.

Mu fara da wadda ka riga ka mallaka. Kyamarar da ke jikin laftof, musamman irin na hannu da suka cika ɗakunan ɗalibai, galibi 720p ce, wato faɗin hotonta ɗigo 1280 ne, tsayinsa 720. A lissafi, daidai take da ƙaramar kyamarar da za ka saya. Inda ta gaza shi ne mazauninta: murfin laftof siriri ne, don haka idonta ɗan tsito ne, farantin da ke karɓar haske a bayansa ma haka. Da rana kusa da taga za ta yi maka aiki ba laifi. Magariba na yi, hoto ya dushe ya cika da tsaki-tsaki. Sannan duk inda ka karkata murfin can take kallo, in kuwa laftof ɗin na kan gajeren tebur ne, haɓarka da silin ɗakinka kawai ake gani.

Cikin waɗanda ake saye daban, biyu zan ɗauka ma'auni, dukkansu na kamfanin Logitech: C270, ƙaramar, da C920, babbar. Ba su kaɗai ba ne a kasuwa, amma kusan duk wadda za a miƙo maka ko dai ajin wannan ce ko ajin waccan. C310 da LifeCam HD-3000 ta Microsoft ajin ƙaramar ne, C922 kuma ƙanwar babbar ce.

C270 tana ɗaukar 720p, hotuna 30 a daƙiƙa. Idonta na roba ne, a kafe yake, ba ya saita kansa. Makirufonta ɗaya. Faɗin abin da take hangowa kusan digiri 55 ne. C920, wadda ta fito tun 2012 kuma har yanzu ake sayar da ita, tana ɗaukar 1080p, ɗigo 1920 a faɗi da 1080 a tsaye, wanda ya haura ninki biyu na ɗigon ƙaramar. Idonta na gilashi ne, yana saita kansa gwargwadon nisan abin da ke gabansa, makirufonta biyu, hangenta digiri 78. Duka biyun wayarsu mita ɗaya da rabi ce, da ka soka a ramin USB kwamfuta za ta gane su ba tare da ka sauke komai ba. A kuɗi kuwa, babbar takan ninka ƙaramar ko ma ta wuce haka.

Wanda ya karanta wannan zai ce ai magana ta ƙare, babbar ta yi nasara. In kana ɗaukar bidiyo ne ka adana a kwamfuta, haka ne. Kiran bidiyo kuwa wani abu ne daban, domin hoton da kyamara ta ɗauka ba shi ne ke isa wancan ɓangaren ba. Manhaja ce ke matse shi daidai da ƙarfin sabis ɗinka kafin ta tura. Bisa ma'aunin da Zoom ta wallafa, kira tsakanin mutum biyu a 720p yana son megabit 1.2 a daƙiƙa wajen turawa da irinsa wajen karɓa. In taro ne na mutane da yawa, turawar ta kai 2.6. Shi kuwa 1080p yana neman 3.8 a turawa, 3.0 a karɓa, kuma ba a buɗe shi sai ga manyan rukunonin masu biya. Google Meet na kyauta ma a 720p yake tsayawa. To ka lura, ƙarfin turawa ake magana, wanda shi ne ya fi rauni a layukan wayarmu, musamman da yamma in unguwa ta cika kowa ya hau intanet. Da sabis ya yi ƙasa, manhaja za ta sauke hotonka zuwa 360p ko ƙasa da haka, ba ta tambaye ka ba. Kamar ka cika randa ne amma ta bakin buta ruwan zai fita.

Ga kuma data. In kira ya ci ma'aunin 720p ɗin nan na awa guda, turawa kaɗai megabayit 540 ce, ka haɗa da karɓa ka haura giga ɗaya. A 1080p lissafin ya kai wajen giga uku a awa. Malamin da ke koyarwa awa biyu kullum, ko an buɗe masa 1080p da kansa zai rufe.

Saboda haka yawan ɗigo ba shi ne dalilin sayen babbar ba. Tana da dalilai na gaskiya, amma wasu ne. Na farko shi ne saita ido. Ɗaga takarda kusa da C270, rubutun zai narke, dole ka ja ta baya, in ka ja kuma ya yi ƙanana. C920 za ta ɗan yi jim, hoton ya girgiza kaɗan, sai rubutun ya fito raɗau. Mai nuna shafin littafi, mai nuna ɗinki ko aikin hula ga mai saye, mai koyar da gyaran waya, wannan kaɗai ya isa ya biya kuɗinta. Tana kuma da ramin ɗaura ta a kan sanda mai ƙafa uku, abin da ƙaramar ba ta da shi, don haka za ka iya kafa ta ta fuskanci allon rubutu. Amma saita idon nan yana da nasa aibin: in haske ya yi ƙaranci, ko kana yawan motsi, sai ta riƙa nema tana ɓatawa, fuskarka ta fito ta dushe, ta sake fitowa. Ƙaramar da ba ta san wannan aikin ba, in ka zauna nisan kamu uku daga gare ta, haka za ka ƙare taronka hoto bai motsa ba.

Faɗin hange ma abin a tsaya a kansa ne, don a gidajenmu yana da ma'anar da masu ƙera kyamarar ba su yi tunaninta ba. Digiri 78 zai ɗauki mutum biyu ko uku a kujera ɗaya, wanda ya dace da ofis ko iyalin da ke gaisawa da ɗansu da ke karatu a waje. Amma zai kwaso ƙofar ɗaki, gado, da duk wanda ya gitta ta bayanka. Mai zama a ɗaki ciki da falo, ga uwargida na kai da kawo ba lulluɓi don tana cikin gidanta, ba ya buƙatar kyamarar da za ta nuna wa baƙin maza rabin falonsa. Digiri 55 na ƙaramar kai da kafaɗunka kawai yake kamawa, kuma ni a wurina wannan falala ce. Akwai C920s mai ɗan murfi da ake rufe ido da shi. In babu murfi, a zare wayar daga kwamfuta bayan an gama, shi ya fi kwanciyar hankali.

Yanzu haske, wanda shi ne rabin hoto. Duk kyamarorin nan da kansu suke auna hasken da ke gabansu su daidaita. In ka ba taga baya, kyamara za ta ga hasken waje ya yi yawa ta rage, kai kuma ka koma inuwa. Mu masu duhun fata abin ya fi taɓa mu. Ka ƙara da farar shadda da farar hula, waɗanda su ne muke ɗauka kayan mutunci ranar ganawa: farin zai rinjayi ma'aunin kyamara, riga ta yi ƙyalli, fuska ta nutse. Na ga an gwada wannan a ɗaki ɗaya, kyamara ɗaya, mutum ɗaya. Da farar riga da taga a bayansa, idanunsa ma ba a rarrabewa. Aka juya teburin ya fuskanci tagar, aka saki farin labule mai shara-shara, ya sauya riga zuwa ruwan toka, sai ga fuska ta fito har ana ganin motsin leɓensa. Ba a kashe ko kwabo ba. Lokacin hunturu ma, in hazo ya rufe rana, hasken da ke shigowa ta taga lallausa ne, yana yi wa fuska kyau, sai dai a riƙa goge idon kyamarar da ƙyalle mai laushi, domin ƙurar Disamba da Janairu kaɗai ta isa ta sa hoto ya yi fari-fari har mutum ya zaci kyamarar ce ta lalace.

Da dare ne ake ganin bambancin ajin. In haske ya yi kaɗan, kyamara takan daɗe tana tara shi kafin ta saki kowane hoto, shi ya sa motsi ke jan jiki, hannu ya bar sawu a iska, sannan ta ƙara wa hoton ƙarfi da lantarki, tsaki-tsakin nan ya fito. Babbar ta fi jure wannan, launinta ya fi zama daidai. Amma ƙaramar da aka ajiye wa fitila mai caji a bayan kwamfuta, tana haska fuska daga ɗan sama, ta fi babbar da aka bari da ƙwan silin guda ɗaya. In hasken fitilar ya yi kaifi, a juya ta ta haska farin bango ya dawo maka.

Wani abu da ke ruɗa mutane shi ne layuka masu duhu da ke yawo a hoto, ko hoton ya riƙa ƙyaftawa. Wutar lantarkinmu tana bugawa sau 50 ne a daƙiƙa, ta Amurka 60. Kyamarar da ke kan saitin 60 in ta haɗu da ƙwanmu, sai ta riƙa kama ƙyaftawarsa. A cikin saitin manhajar Camera ta Windows ko manhajar kamfanin da ya yi kyamarar akwai wurin zaɓar 50 ko 60, a mayar da shi 50. In ƙaramin janareto ne ke ba da wutar, bugunsa ba ya tsayawa wuri guda, don haka layukan na iya ƙin tafiya. Maganinsa a kashe ƙwan, a kunna fitilar batir.

Sauti kuwa, nan ne zan fi daɗewa, don shi ne ke yanke hukunci. Mutane za su jure hoto mai dishi-dishi na awa guda, amma ba wanda zai jure murya mai yankewa na minti biyar. Mai jarrabawar da ya ce "maimaita" sau uku, a na huɗu ya fara gajiya da kai, ko da amsarka daidai ce.

Makirufon C270 yana kama magana, sai dai muryar takan fito siririya, ba nauyi. Na C920 sun fi cika, amma su biyun da ake tallatawa ba su ƙara maka wani abin kirki a kira ba, domin galibi manhajojin kira haɗe su suke yi su zama ɗaya. Abin da ya haɗa su shi ne matsalar da ba ta da alaƙa da tsada: suna nesa da bakinka. Ƙa'idar sauti ita ce duk sanda nisa ya ninka, ƙarfinsa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Makirufon iyafis mai waya yana rataye kusan santimita 15 daga baki, kyamara kuma tana can saman allo wajen santimita 60. Ninki biyu ke nan sau biyu, wato ƙarfin muryar da ke isa kyamara kashi ɗaya ne cikin 16 na wadda ke isa iyafis. Don ta cike giɓin, sai kyamara ta ƙara wa kunnenta ƙarfi, ta kwaso komai tare da kai: fankar sama, janareton maƙwabta, hon ɗin 'yan acaɓa, kukan yaro a tsakar gida. Wanda ɗakinsa ke bakin titi a Kwangila ko Sabon Gari ya san abin da nake nufi. Ga kuma amsa-kuwwa. Ɗakin siminti mai tayil, babu labule babu kafet, yana mayar da murya daga bango, kuma makirufo mai nisa ya fi jin wannan kuwwar. Shimfiɗa darduma da sakin labule mai kauri suna rage ta sosai.

Zoom da Meet suna da na'urar tace hayaniya, kuma tana ƙoƙari a kan ƙarar da ba ta sauyawa, irin ta fanka. Farashinta shi ne tana cinye ƙarshen kalmomi da sautuka masu laushi. A taron ofis ba komai. Ga mai koyar da Alƙur'ani kuwa babbar magana ce, don yaron da ke can yana buƙatar ya ji bambancin sin da sodi, ya ji madda ta kai iyakarta, ya ji gunna ba a datse ta ba. Tacewar takan ɗauki dogon sauti a matsayin hayaniya ta rage shi. Irin wannan malami ko malama, makirufo kusa da baki ya wajaba, sannan a rage ƙarfin tacewar, ko a kunna saitin Zoom mai suna Original Sound in ɗakin shiru ne. Babu kyamarar da za ta yi wannan aikin, komai tsadarta.

Iyafis yana kashe wata matsalar ma: in sauti na fita ta sifikar laftof, makirufon kyamara na iya sake kama shi ya mayar wa mai magana, ya riƙa jin muryar kansa tana dawo masa. Mai waya ya fi na Bluetooth a wannan aikin, don da yawansu da zarar an kunna makirufonsu ingancin sautin yake sauka, ga caji da ke iya ƙarewa ana tsakiyar magana. Masu tsohuwar kwamfutar tebur su duba: ramukanta biyu ne, kore na ji, ruwan hoda na magana, don haka iyafis ɗin waya sai da ɗan kan da ke raba shi biyu. In ka haɗa komai, ka shiga saitin manhajar ka tabbatar iyafis ɗin ta zaɓa, don takan koma kan makirufon kyamara da kanta.

Sai waɗanda ba su da suna, masu kwali mai ƙyalli an rubuta 1080p ko 4K da manyan baƙaƙe, kuɗinsu bai kai na C270 ba. Araha ba ta ado. Da yawansu ƙaramin hoto suke ɗauka su buɗa shi da lissafi ya kai adadin da aka rubuta, ɗigo ya ƙaru amma bayani bai ƙaru ba. Launi yakan karkata zuwa shuɗi ko kore, makirufon kuma yana da wani shuu a ƙasa. Ba duka ne marasa kyau ba, akwai waɗanda ke aiki daidai gwargwado, sai dai kwalin ba zai gaya maka wacce ce ba. Jabun masu suna ma suna yawo, musamman na C920.

Abokiyar takarar da ake mantawa da ita ita ce waya. Kyamarar bayan Tecno ko Infinix ko Samsung mai matsakaicin kuɗi ta fi C270 nesa ba kusa ba, a wurare da dama ma ta fi C920, musamman da dare. Manhajoji irin su DroidCam da Iriun suna mayar da ita kyamarar kwamfuta, Windows 11 na iya haɗa wayar Android kai tsaye, masu iPhone da Mac kuma sun samu wannan tun 2022. Ko kuma ka shiga taron ta wayar don hoto da murya, ka shiga ta laftof don nuna rubutunka, ka kashe sautin laftof ɗin gaba ɗaya kada su yi ƙara. Ga wanda ganawa ɗaya ce ko biyu a gabansa, wannan ita ce shawarata, kada ya sayi komai sai abin kafa wayar. Ga mai yi kullum ba na ba da ita. Wayar takan yi zafi, balle a bazarar Maris da Afrilu, kira na iya shigowa ya katse hoto, kuma a yawancin ɗakuna ita ce dai ke ba laftof ɗin intanet. Aiki uku a kan waya ɗaya, batir ba ya kai labari.

To wa zai sayi me? Ɗalibi ko mai neman aiki da kyamarar laftof ɗinsa ke aiki, ya sayi iyafis mai kyau da fitila mai caji, ragowar ya zuba a data. Wanda kwamfutarsa ta tebur ce, ko kyamarar laftof ɗinsa ta mutu, kuma fuskarsa kawai ake son gani, C270 ko ajinta ta ishe shi, ban ga dalilin ƙarin kuɗi ba. C920 ta mai nuna rubutu ko kaya ce, da ofishin da mutane da yawa ke zama gaban kwamfuta ɗaya, da wanda ke ɗaukar darussa yana ɗorawa a YouTube, inda 1080p ɗin zai isa ga mai kallo yadda yake. Shi ma ɗin, sai ya tanadi makirufo daban.

Ranar saye, ko a shagunan PZ da ke Zariya ne ko a wurin wani da ke sayar da tasa ta hannu, ka tafi da laftof ɗinka da caji a cike. Ka ce wa mai shago, "Alhaji, a yi mini haƙuri in gwada ta a nan." Mai kaya na gari ba zai hana ba. Ka buɗe manhajar Camera, ka duba cikin saitinta iyakar girman bidiyon da kyamarar ke bayarwa. Ka kaɗa hannu da sauri ka ga ko yana barin sawu. Ka ɗaga takarda mai ƙananan rubutu, ka matso da ita ka ja baya. In an ce maka C920 ce amma idon bai motsa ya nemi rubutun ba, ajiye ta. Ka juya ta zuwa lungun shagon da ya fi duhu, don hasken ɗakinka da dare ya fi kama da wannan fiye da na bakin ƙofa. Sannan ka ɗauki bidiyon kanka kana magana na rabin minti, ka saurara da iyafis. In ta hannu ce, ka lanƙwasa wayar a hankali kusa da inda ta shiga jikin kyamarar kana kallon hoton, don a nan take fara karyewa, ka kuma taɓa maƙalin ka ji ko ya saki. Kafin ka biya, ku yi magana a fili cewa in ka je gida ta ƙi aiki da Zoom ko Meet za ka dawo da ita a canza maka, a kuma rubuta hakan a jikin rasit.